Takardar da Ke Cikin Littafin Fasto

Shekara talatin Fasto ya yi yana riƙe da ƙaramar cocin nan shi kaɗai. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke ɗaga waƙa, shi ke karatu, shi ke wa'azi. In wani ya miƙa hannu zai taimaka, sai ya yi murmushi ya ce, "Bari, zan yi."

Da ya rasu, Mama, matarsa, ta ci gaba da buɗe ƙofar. Lahadi biyar mutane suka zo suka zauna suna kallon kujerarsa. Ba wanda ya san ta inda ake farawa. A Lahadi ta shida mutum tara ne kawai suka zo. Cikin shirun nan Mama sai ta riƙa jin gyaran muryarsa daga gaba. In ta ɗaga kai, kujera ce kawai.

Wata safiya tana goge Littafi Mai Tsarki nasa, wata tsohuwar takarda ta faɗo. A hankali ta haɗa baƙaƙen. A sama ya rubuta, "Waɗanda zan koya wa." Mutum huɗu ne. Biyu sun riga shi mutuwa, ɗaya ya bar garin tuntuni. Saura Kafinta, wanda ya yi masa akwatin gawa.

Ta same shi a shagonsa yana goge katako, furfurarsa duk garin katako.

"Mama, lafiya? Ko benci ne ya karye?"

"Ina ma benci ne." Ta miƙa masa takardar.

Ya daɗe yana kallonta. "Sau uku na roƙi Baba Fasto ya koya mini. Ya ce sai ya samu sarari. Lokacin ko gemu ban tara ba, yanzu ga jikoki."

"Ran Lahadi kai za ka yi karatu."

"Ni? Mama, bakina rawa yake yi a gaban mutane. Za su yi dariya."

"Mu tara ne, ɗana. Wa ke da sauran dariya?"

Ran Lahadi ya tsaya a gaba, ya buɗe littafin. Ya yi tuntuɓe a layin farko. Ya koma, ya sake yin tuntuɓe. Wurin nan kuwa Mama ta haddace shi, don ta ji shi a bakin mijinta ya fi sau ɗari.

Sai ta ji maganar ta taso mata a maƙogwaro, da muryar marigayin sak, kamar yana zaune a kusa da ita: Bari, zan yi.

Har ta fara miƙewa. Ta kama bakin benci da hannu biyu, ta koma ta zauna, ta datse haƙora. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

Kafinta ya ɗora yatsa a kan layin, ya fara daga farko.