Burodin da Ba Shi da Babba

Tun da Aina'u ta gama sakandare ta dawo gida ta zauna, mahaifinta Nababa bai ƙara cin tuwo hankali kwance ba. Yarinya ce da ba ta iya zaman banza, shi kuwa ba shi da halin kai ta makarantar gaba. Da rani ta je Kano wajen gwaggonta, ta dawo da sana'ar da ba a taɓa yi a ƙauyensu ba, can bayan Bagwai, wato gasa burodi. A babbar tukunya take yi. Ta zuba yashi a ƙasa, ta jera gwangwanayen kwaɓin a kai, ta rufe, ta ɗora garwashi bisa murfin. Ƙamshin kan tsallake katanga har matan maƙwabta su shigo aron abin da ba su buƙata.

Tukunya dai ba ta ɗaukar fiye da na ci a gida. In ana so ya zama sana'a sai an gina murhun ƙasa, kuma wuri ɗaya ne ya dace, lungun bayan zaure inda Hashimu yake ɗaure tumakinsa. Hashimu wan Nababa ne, shi ne babban gida tun rasuwar mahaifinsu, ko turke ba a cirewa sai da yardarsa. Da Nababa ya kai masa maganar, ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce shi bai taɓa jin an tayar da tunkiya saboda fulawa ba, amma a kawo masa ranar Juma'a da safe ya ɗanɗana.

Daga nan Nababa ya sami abin da zai rataya damuwarsa a kai. Ɗanɗano bai dame shi ba, ya san hannun 'yarsa. Yanka ne ya tsaya masa a rai. Ya taɓa ganin burodin kanti a Kano, a cikin leda, kowane yanki daidai da ɗan'uwansa kamar an tsaga katako. Ya ƙudurta cewa in Hashimu ya ga irin wannan a faranti, zai san abin ba wasan yara ba ne.

Aina'u ta ce ai ko da hannu Baffa zai iya gutsura.

"Yayana ne, na fi ki saninsa," in ji Nababa. "Abu kaɗan yake nema ya ce a'a."

Gwajin farko da wuƙar matarsa Hure ya yi, burodin na da zafi, ya fito kamar an zauna a kansa, ga warin albasa. Aina'u ta nuna masa a bar shi ya huce tukuna, a kwantar da shi ta gefe, a riƙa jan wuƙar a hankali kamar zarto, ba a dannawa. Ya kai wuƙa wajen maƙeri aka wasa ta. Ya karya tsinken tsintsiya daidai faɗin babban yatsansa ya mai da shi ma'auni, yana ɗorawa yana yin alama kafin ya yanka. Duk makon nan gidan karkatattun yankuna aka yi ta ci, har Hure ta ce in Juma'ar ba ta zo da wuri ba za su manta ɗanɗanon koko.

Ranar Juma'a Nababa ya yanka burodin daidai da ma'auninsa. Ya cire kai da gindi don kada su ɓata tsari, ya jera sauran a faranti, ya rufe da faifai, ya nufi zaure. Hashimu na zaune kan buzunsa, babban ɗansa Zaharaddini yana zuba shayi. Aina'u ta laɓe a bayan ƙofa.

Hashimu ya ɗaga faifan, ya yi bisimilla, ya miƙa hannu. Hannun ya tsaya a sama. Ya juya farantin, ya sake juyawa. Ya ɗauki guda biyu ya haɗa su fuska da fuska, ya mayar. Nababa ya ɗauka mamaki ne ya kama shi, daɗi ya cika masa ciki.

"Duba duk inda ka so, Yaya. Babu wanda ya fi wani ko da ƙwayar gero."

"Na gani," in ji Hashimu. "To wanne ne nawa?"

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Nababa. A gidan nan, tun zamanin mahaifinsu, ko naman layya ne, ko rogo, ko rake, in an kasa sai an bar kaso ɗaya ya ɗara saura. Babba ne ke fara ɗauka, kuma ba a cewa ga naka, girman kason ne ke faɗa. Shi kansa Nababa da hannunsa ya sha kasawa haka. Ya shafe mako guda yana wasa wuƙa don ya yanke wa yayansa girma.

Hashimu bai ɗaga murya ba. Cikin natsuwa ya ce ashe yanzu shi da ɗan da ya haifa sun zama sa'o'i, ya gode da aka sanar da shi da sassafe, kuma in haka burodi ke yi wa gida tun bai sami murhu ba, gara tumaki su ci gaba da zamansu. Zaharaddini ya cusa fuskarsa a kofi, kafaɗunsa na motsi. 

Sai ga sallamar Aina'u. Ta shigo da wani burodin da ta sauke don karin kumallonsu, sukutum, yana tiriri, gefe ɗaya ya ɗan ƙone. Ta durƙusa ta ajiye a gaban Hashimu.

"Baffa, ka yi haƙuri, naka ne bai nuna da wuri ba. Waɗancan na yara ne."

Hashimu ya dube ta, ya dubi burodin. Ya sa hannu biyu ya ɓare shi, ya tsoma ƙaton gutsure a shayi, ya ci. Ya ƙara. Da ya kusa rabi sai ya ce gishiri ya ɗan yi kaɗan, amma yarinyar ta san mutane. A mayar da tumakin gindin darbejiya, Nababa ya kafa sababbin turaku da kansa, kuma ya nemo mai gini kafin ruwa ya sauka.

Sannan ya tura farantin da bayan hannu.

"Ku yara, ku ci naku."

Nababa, da furfurarsa da komai, ya ce Allah ya ƙara girma. 'Yarsa ta sami murhu, abin da ya roƙa ke nan. Ya miƙa hannu ga farantin tare da Zaharaddini, ya tarar da kansa yana bin yankunan da ido ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa ya yi kuskure wani ya ɗara saura.