Albarkar Kaka

Sarnai ta sauka daga bas tun bai gama tsayawa ba, ta kama hawan tudun unguwar tantuna, ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin takalminta. Maganar Malam Ganzorig, mai duba aikinta na digiri na biyu, ta ƙi barin kunnenta.

"Ko na'urarki ta lalace, ko duk safiya gobara ake yi a gidan nan. Ba zan sa hannu a kan wannan ba."

Tun farkon sanyi ta rataye na'urar auna hayaƙi a tantin kakarta, don ta nuna irin iskar da talakawan Ulanbato ke shaƙa daga murhun kwal. Ga shi sanyin ya kusa ƙarewa. In aka kashe murhu ba ta da sahihin awo, sai ta jira wata shekara, tallafin karatunta kuwa ba zai jira ba.

Ta sunkuya ta shiga tantin da ƙafar dama, tabaraunta ya yi hazo. Da ta goge sai ta ga kakar tsaye a ƙarƙashin na'urar, riƙe da kaskon turaren ganye, tana zagaya na'urar da shi sau uku, hayaƙin yana shiga ramukan na'urar kai tsaye.

"Kaka, me kike yi?"

"Yau makara na yi. Ja'ira, ba ko gaisuwa? Rufe ƙofa, kin shigo min da sanyi."

"Kullum kike mata haka?"

"To wa zai yi? Ke da kika rataye ta kika tafi kamar akuyar aro. Kin ce digirinki yana cikinta." Tsohuwar ta yi tari, ta ɗaga haɓa. "Ko ranar da ƙafata ta kumbura ban fasa ba."

Sarnai ta zauna, ta miƙe, ta sake zama. Ta buɗe baki, kakar ta cusa mata kwanon shayi mai madara da gishiri, ta karɓa da hannu biyu. Yatsun tsohuwar duk tabon garwashi.

Ta sha. A ranta tana lissafin sauran sanyin. Zai isa, da ƙyar, in ta fara yau.

"Kaka, na'urar nan ta ƙoshi da albarka," ta ce a hankali. "Bari in kai ta tantin maƙwabciyarki Inna Dejid, ita ma ta kwana biyu da ita."

"Wannan marowaciyar? To, kai mata."

Sarnai ta kwance na'urar ta tura cikin riga. Har ta kai ƙofar shinge ta ji ana jan takalmi a bayanta. Kakar ce, babu ko hula, tana miƙo ƙullin turare.

"Ba wa Dejid. Bari ma in zo in nuna mata yadda ake yi, ba ta da kai."