Ranar da Lamar Ya Kama Bakinsa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon askin Cleon da ke garin Selma a Amurka ya san ra'ayin Lamar Pettway, ko bai tambaya ba. A wurinsa ƙwallon jami'a, wato ƙwallon Amurka ta ɗaliban jami'a, ita ce wasa: ƙarti su gwabza, ganguna na tashi, mutum ya yi ihu har murya ta dishe. Besbol kuwa, wasan jifan ƙwallo da bugun ta da sanda, in ji shi, zaman jiran mota ne. "Ƙattai tara a tsaye cikin rana suna tofar da yawu, wai su nan sana'a suke!"

Sai Allah ya ba shi ɗa mai jifan ƙwallo a besbol. Quincy ya ƙi ƙwallon jami'a, ya shiga wata ƙaramar ƙungiyar ƙwararrun besbol a jihar Jojiya, kuma bana hannunsa ya ƙi. Ranar Alhamis ya bugo waya ya ce koci ya gaya masa gaskiya: in wasan Lahadi bai yi kyau ba, ya tattara kayansa.

Ranar Lahadi ko coci ba su leƙa ba, Lamar da matarsa Odessa suka kama hanya. Suka sami kujera kusa da wata tsohuwa, Ernestine, mai hular ƙungiyar da ta koɗe da ƙullin dafaffiyar gyaɗa a cinya. Lamar ya dinga ɗura shayi mai ƙanƙara don zuciyarsa ta kwanta.

Quincy na jifa, 'yan hamayya masu bugu da sanda na komawa benci ɗaya bayan ɗaya. Amma a zagaye na shida Lamar ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Duk sanda ɗansa ya dawo hutu, sai ya zauna can ƙarshen benci shi kaɗai. Ba mai yi masa magana, ba mai ko kallonsa.

"Odessa, dubi yadda suka ware min yaro! Sun san za a kore shi. A ƙwallon jami'a da tuni an rungume shi. Ga shi tun da aka fara wasan nan ba wanda ya..."

Tsohuwar ta kai masa dukan cinya da ƙullin gyaɗa. "Kai ɗan nan, rufe mana baki!"

"Mama, ɗana ne fa!"

"To kai ne ma ya kamata ka fi kowa shiru. Abin da ka gani, duk filin nan mun gani. Ba a faɗarsa. Ba a tashi daga kujera. Su ma yaran tsoron bakinsu suke ji, shi ya sa suka ba shi wuri."

Sai a lokacin ya gane. Ba ɗan hamayya ko ɗaya da ya bugi ƙwallon Quincy ya tsira zuwa tashar farko. Mai jifa kan tsufa bai ga irin wannan rana ba, kuma mutanen besbol sun yi imani da zarar an ambata ta, ta lalace.

"Baban Quincy," in ji Odessa, "tun da na aure ka ban taɓa ganin ka yi shiru ba sai a barci, nan ma da minshari. Yau ka taimake mu."

Ya haɗiye maganar. Wayarsa ta yi ƙara, Cleon ne. "Kai maƙiyin besbol! Muna kallo a shago, ashe yaron naka bai bar kowa..." Lamar ya katse, ya zauna a kan wayar. Shayin da ya sha ya fara matsa masa, ya maƙale ƙafafu, gumi na tsiyaya. Ya ƙi motsi.

Zagaye na tara, na ƙarshe, saura mai bugu ɗaya, wani ƙato mai wuyan bijimi. Quincy ya jefa. Ƙas! Ƙwallo ta yi sama ta nufi katanga. Lamar ya damƙe hannun tsohuwar. Mai tsaron tsakiyar fili na su Quincy ya falfala da gudu, ya daka tsalle, ya faɗi ya mirgina, ya ɗaga safar hannunsa. Ƙwallo na ciki, ba ta taɓa ƙasa ba. An fitar da ƙaton, wasa ya ƙare.

"Yanzu faɗa, ɗan nan!" in ji Ernestine. "Faɗa!"

"BA WANDA YA TAƁA SHI! ƊANA NE! NI NA HAIFE SHI!"

Ihun da ya tara tun zagaye na shida ya fito gaba ɗaya, har mai ɗaukar hoto ya juyo. 'Yan wasa suka danne Quincy a tsakiyar fili, koci na dukan bayansa yana dariya.

Da Quincy ya iso bakin shinge, rigarsa jiƙe sharkaf, ya ce, "Koci ya ce in kwance jakata, ina nan daram. Amma Baba, ban ji muryarka ba, na zaci ba ka zo ba."

"Aiki nake yi, yaro. Kai ka yi jifa, ni na yi shiru. Nawa ya fi wuya."

"To yanzu wace ce wasa?" Odessa ta tambaya.

"Ƙwallon jami'a mana, har gobe," in ji Lamar, yana share ido da hularsa. "Amma wannan, sai namijin gaske. Mama, don Allah ta ina bayan gida yake?"