Tayar Gwaggo ta Shida

Biyar ya ƙirga.

Baba Sufana ya sauke madubin hangen nesa, ya goge gilashin da bakin riga, ya sake ɗagawa. Amma jirgin ya riga ya naɗe ƙafafunsa cikin ciki, ya bar baƙin hayaƙi layi uku a sama, ƙararsa na girgiza shingen wayar da suke jingine da shi.

"Tela, taya nawa ka gani?"

Tela, abokin zamansa a bakin shingen nan shekara tara, yana duba hoton da ya ɗauka a waya. "Hayaƙi na gani. Dubi nan, kamar an ƙona shara. Gwaggo ko ranar sallamarta ba za ta daina shan taba ba."

"Tayoyi nake tambayarka."

"Shida mana. Biyu a hanci, biyu dama, biyu hagu. Kai ka koya min."

"Biyar na gani. Ƙafar hagu taya ɗaya ce."

Tela ya dube shi, ya dubi idonsa na dama da farar yana ta fara rufewa, ya kau da kai.

Gwaggo shi ne sunan da masu kallon jirage suka sa wa tsohon jirgin nan mai inji uku a jela, saboda faɗa da yawan surutu. Ita kaɗai ta rage a irinta. Sababbin jiragen yanzu duk fuska ɗaya gare su, suna wucewa suna raɗa kamar marasa gaskiya, amma Gwaggo in ta tashi har tagogin unguwa sai sun amsa. Shekara talatin da ɗaya Baba Sufana ya yi yana kwance a ƙarƙashinta da giris har gwiwar hannu, kuma ba ta taɓa tashi ko sauka a gabansa bai ƙirga tayoyinta ba. Haka maigidansa na farko ya koya masa, kuma ritaya ba ta raba shi da ɗabi'ar ba.

Yau tashinta na ƙarshe. Zagayen minti talatin da biyar a kan gari, da tsofaffin ma'aikata da iyalansu, mutum hamsin da biyu har da ma'aikatan jirgi. An aiko masa da katin kujera ɗaya, ya miƙa wa matarsa. Ya ce wanda ke ciki ba ya ganin jirgi. Matar da ba ta taɓa hawa sama ba a rayuwarta ta kwana uku tana zaɓen takalmi.

Kuma Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ita ce kyaftin.

Ƙaramar rediyon Tela da ke rataye a waya ta yi ƙara, sai muryarta ta fito, a natse, tana gaya wa hasumiyar da ke ba jirage umarni ta kai ƙafa dubu huɗu, za ta juya yamma. Ta yi masa alkawari yau mataimakinta zai riƙe tuƙi, ita ta riƙe magana, don ya ji ta. Rediyon ta saurare ce kawai. Ko ka haɗiye ta, ba mai jinka.

"Ka ji ta ai," in ji Tela. "Da akwai matsala da fitila ta nuna mata."

"Fitilun nan uku ƙafa suke ƙirgawa, ba taya ba. Ƙafa ta sauko ta kulle, kore za su nuna, ko da sanda ce tsirara."

"Tsoho, ka tuna bara."

Ya tuna. Bara ya ga ƙofar kaya a buɗe a jikin wani jirgi, ya tayar da hankalin kowa, aka rufe fili awa guda, ashe inuwar fiffike ce. Tun ranar masu tsaro suka ce in ya ƙara, za su kulle wannan lungun, kowa ya tafi ya kalli jirgi a talabijin. Auta ma ta ce, cikin ladabi, "Baba, mu je a duba idon nan."

Ya dubi agogo. Minti shida sun tafi.

"Kira su."

Tela ya kira lambar filin. Wata murya ta ce ya danna ɗaya don jin lokacin tashi, biyu don kayan da suka ɓata. Ya danna sifili, wayar ta yi ta ringi. Kowa yana can wancan ƙarshen, kilomita uku daga nan, ana jera kujeru ana jiran dawowar Gwaggo. Ya kira Auta, a kashe. Ya kira Maman Auta, a kashe, don tun a gida 'yarta ta yi mata kashedi.

Gumi ya tsatstsafo wa Baba Sufana a ƙeya. In idonsa ne ya yi ƙarya, zai ɓata wa 'yarsa babbar rana, ya jawo a kori abokansa. In kuwa bai yi ƙarya ba, Auta za ta ɗora nauyin jirgi gaba ɗaya a kan ƙafar da take zaton lafiyayya ce. Tayar da ta rage za ta fashe a taɓawar farko, ƙarfe ya caki kwalta, fiffiken hagu ya daki ƙasa da mai cike a cikinsa. Ya taɓa ganin haka sau ɗaya yana saurayi. Har yau ba ya son warin gasasshen nama.

Taya ba ta ɓata a iska. In ta fita, tana wani wuri. Ya bi titin jirgin da ido. Wurin da Gwaggo ta ɗaga hanci, da irin gudun da take yi, tayar za ta ci gaba da tsere ita kaɗai, ta karkata hagu, ta faɗa doguwar ciyawar da ke gangarawa zuwa magudanar ruwa.

Ya cire rediyon daga waya ya zura a aljihun gaba.

"Ina za ka?"

"Kwalbati."

Tela ya riƙo hannunsa. "Waɗancan da bindiga suke yawo. Kuma kai da hawan jini."

"Riƙe min hula."

Kwalbatin tana ƙarƙashin shinge, taku ashirin daga inda suke zama. Sandunan ƙarfen bakinta tsatsa ta cinye biyu, kowa a cikinsu ya sani, ba wanda ya taɓa faɗa. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya shiga da rarrafe. Duhu, laka mai wari, wani abu mai sanyi ya bi ta kan hannunsa ya wuce. A tsakiya kafaɗarsa ta maƙale. Ya ja baya, ya ƙi. Ya tura gaba, ya ƙi. Numfashinsa ya fara gajarta, bugun zuciyarsa na amsawa a cikin bututun.

Daga ƙirjinsa Auta ta ce sun gama zagaye na farko, fasinjoji na ta tafa hannu, tana neman izinin fara saukowa.

Ya fitar da iskar cikinsa duka, ya murɗa, rigar ta yage har da fata. Ya fita.

Ciyawar ta kai masa ƙugu. Ya kutsa hagu, ya dawo dama. Gwangwani, tsohon buhu, gawar tsuntsu. Ba taya. Agogo ya ce minti ashirin da biyu. Wata murya a ransa na ce masa, tsoho, yanar ido ce, yanar ido ce kawai, ka koma kafin a gan ka.

Sai hancinsa ya kama abin da idonsa ya kasa. Giris da ya ƙone. Wari ne da zai gane ko a kabari.

Ya bi shi. Ga layi an kwantar da ciyawa ɗoɗar kamar an ja buhu, a ƙarshensa, cikin rami, tana kwance a gefe, tsayinta ya kai cibiyarsa in an miƙe ta. Ciyawar da ke ƙarƙashinta na hayaƙi. Boris ɗin tsakiya, ƙarfen da take juyawa a kansa, ya narke ya yi shuɗi.

Bai ji daɗin gaskiyarsa ba.

Ya hau gangaren ya tsaya a fili inda kowa zai gan shi, ya tuɓe yagaggiyar rigar yana kaɗawa. Abin da ya shekara tara yana gudu, shi yake roƙo yanzu: a zo a kama shi.

Rawayar motar mai korar tsuntsaye daga titin jirgi ce ta fara hango shi. Ta taho a guje, ta ci birki, wani jami'in tsaro ya diro daga baya da bindiga.

"Kwanta! Fuska a ƙasa!"

Ya kwanta a kan rigar da rediyon. Gwiwa ta danne masa baya, ankwa ta kama hannuwansa.

"Kai ne na bara," in ji jami'in. "Yau kuma wace inuwar ka gani?"

"Ɗana, ka ɗaure ni yadda kake so. Amma a leƙa ramin can."

"Tsohuwar taya ce, irin su nawa ne a dajin nan?"

"Mai Tsuntsu," Baba Sufana ya kira direban, bakinsa cike da ƙasa, "ka san ni. Sauka ka taɓa ta. Taɓawa kawai."

Mai Tsuntsu ya gangara. Ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen, ya fizge da sauri yana yarfe hannu. Ya dubi sama. Can nesa, a ƙarshen layin saukowa, fitila uku sun bayyana da hayaƙi a bayansu.

Rediyon da ke ƙarƙashin ƙirjin tsohon ta ce, "Ƙafafu sun sauka, kore uku." Hasumiya ta ba Auta izinin sauka.

Mai Tsuntsu bai taɓa gudu irin na ranar ba. Ya faɗa mota ya fizgi abin magana, kalmominsa na hawa kan juna. Hasumiya ta ce ya maimaita. Ya maimaita. Fitilun na ƙara girma, har ana iya ganin gilashin gaban jirgin.

"Kada ki sauka. Koma sama. Koma sama yanzu."

Injina uku suka yi ruri lokaci guda. Gwaggo ta wuce ta kansu ƙasa-ƙasa, inuwarta ta rufe su, zafinta ya kwantar da ciyawa. Jami'in ya ɗaga kai bakinsa a buɗe. A ƙafar hagu taya ɗaya ce, kusa da ita sandar ƙarfe tsirara, da wani siririn bututu yana lilo.

Gwiwar ta sauka daga bayan Baba Sufana.

"Bututun birki ne wancan," ya ce. "Ɗaga ni. Ba ni abin maganar."

Mai Tsuntsu ya kara masa a baki, don hannuwansa na ɗaure. Ya yi magana da hasumiya kamar yana koya wa sabon ma'aikaci. Tayar waje ce ta fita, ta ciki na nan amma ta sha zafi. Birkin hagu ba abin dogaro ba ne. A yi ta zagaye a ƙone mai, nauyi ya ragu. A mayar da masu nauyi kujerun dama. Ta taɓa da ƙafar dama, ta riƙe fiffiken hagu a sama har sai ya ƙi riƙuwa.

Hasumiya ta isar, ta ƙara da cewa wani tsoho ne a cikin ciyawa ya faɗa.

"Na karɓi tuƙi," in ji Auta. Muryarta ba ta canja ba, sai shi da ya haife ta ya ji inda ta tsage. "Ku ce wa tsohon na ji."

Minti arba'in tana zagaye. Motocin kashe gobara da aka wanke don su yi mata fesin ban kwana suka jeru a gefen titi. Ba wanda ya tuna da makullin ankwa. Baba Sufana na tsaye jikin motar, jini ya bushe a kafaɗarsa, yana tunanin matarsa da sabon takalminta, wace kujera aka mayar da ita, ko akwai wanda ya riƙe mata hannu. Shi ya ba ta katin. Wannan tunanin ya ƙi barinsa.

Sai ta taho.

Ta sauko a karkace, kamar mai ɗingishi tana tsallake ruwa. Ƙafar dama ta taɓa, hayaƙi ya tashi fari. Fiffiken hagu na sama. Yana sama. "Riƙe, Auta," ya ce a hankali, "riƙe, uwata." Hanci ya sauka. Fiffiken ya fara nauyi, ya sauko, tayar da ta rage ta karɓi kaya. Ta ɗauka daƙiƙa uku, huɗu, biyar, sannan ta fashe kamar an harba igwa.

Tartsatsi ya yi feshi har jela. Ƙarar ƙarfe a kan kwalta ta shiga haƙora. Jirgin ya fara jan hagu, ya bar layi, ya nufi ciyawa, ya nufo su. Jami'in ya ruga. Baba Sufana bai motsa ba. Gwaggo ta huda ƙasa da ƙafar, ta juya rabin zagaye cikin ƙura, ta tsaya a jirkice, bakin fiffikenta bai fi kamu biyu daga ƙasa ba.

Kumfa ta rufe ƙafar. Matakalar jela ta faɗo.

Ya fara ƙirga. Ɗaya, biyu, uku. Tsofaffi na gangarowa suna riƙe da juna. Goma sha tara. Talatin. Idon daman ya cika da ruwa, ya rufe shi ya ci gaba da na hagu. Ta arba'in da huɗu ta fito da sabon takalminta a hannu, tana waige-waige kamar mai neman wanda za ta yi wa faɗa. Ƙirjinsa ya saki rabi. Hamsin. Hamsin da ɗaya, mataimakin matuƙi.

Matakalar ta zauna ba kowa. Hayaƙi na fita ta ƙarƙashin fiffike. Ya taka gaba, Mai Tsuntsu ya riƙe shi.

Sai ga farar riga. Ta leƙa baya sau ɗaya, ta tabbatar ba ta bar kowa ba, ta sauko.

"Hamsin da biyu," ya ce, ya zauna a ƙasa.

Maman Auta ce ta fara isowa, ƙafa ba takalmi. Ta dubi laka, ta dubi ankwa, ta dubi kansa.

"Ina hularka?"

"Tana wajen Tela."

"To. Kai ka ga jirgi, ni na ga lahira. Ka huta." Ta zauna kusa da shi, ta ɗora hannu a kan gwiwarsa.

Jami'in ya dawo yana lalube aljihu, ya durƙusa ya buɗe ankwar. "Baba, dole dai in rubuta ka. Kuma kwalbatin nan gobe za a toshe ta."

"A toshe," in ji Baba Sufana. Yana kallon Auta tana tahowa ta cikin ciyawa, ta tsaya a bakin ramin, ta daɗe tana duban tayar.