Salansar da Ba Ta Buɗuwa

Maharazu mai wankin salansar bindiga ne a wani kulob ɗin harbi a hanyar garin Hatta, can ƙasar Larabawa, inda masu hali ke zuwa ranar hutu su yi ta ɓarin harsashi a jikin kwali. Salansa iri biyu ce. Akwai mai kwancewa: ya warware ta, ya jera kayan cikinta a kan tsumma, ya bi su da buroshi har kunkunniyar ta saki. Akwai kuma wadda aka yi wa walda tun daga masana'anta, ba mai ganin cikinta. Ita sai dai ya jiƙa ta, ya ɗauraye, sannan ya kaɗa ta a gefen kunne ya saurara ko wani abu ya ɓalle.

To kunnen ne matsalar. Mutum yana gyaran abin rage ƙara, amma duk ƙarar harbin nan ya ƙi sa abin toshe kunne, wai gumi yake sa shi. Maharazu akwai taurin kai!

Tun bara gyare ya tare a kunnuwansa. Abin haushi, daɗin kukan yake ji. Yana goge ƙarfe, duwatsun Hatta na rawa cikin zafin rana ta taga, sai kukan ya rikiɗe ya zama ruwan sama a kan kwanon gidansu na Funtuwa, har ƙanshin ƙasa yake shaƙa. Ya yi ta kaɗa salansa yana murmushi, bai ji komai ba.

Likita a unguwar Al Nahda bai ɓoye masa ba. "Kunnen waje ana wankewa, na ciki ba ya buɗuwa. Abin da ya tafi, khalas, ba ya dawowa. Ka tsare sauran."

Bai gaya wa matarsa Muhsinat ba, ga ta da tsohon ciki.

Ranar da ta sauka, aka miƙo masa jaririyar ya yi mata kiran salla. Ya sunkuya ya raɗa, da ƙyar ya ji kansa. Yarinya ta wage baki, fuska jajir, shi kuwa ruwan Funtuwa ke ta zuba.

"Angon ƙarni, ka ji murya kuwa?" in ji Muhsinat, tana dariya a gajiye.

Ya ɗago yarinyar a hankali zuwa gefen kunnensa, yadda ya saba a wurin aiki. Can ƙarƙashin ruwan ya tsinkayo kukanta, siriri. Tsoro ya kama shi sosai.

Muhsinat ta miƙo hannu za ta karɓe ta.

"Kar ki rarrashe ta tukuna," ya ce. "Bar ni in ƙara ji."