Hancin Abu Hazim

Ɗalibin likitanci in ya koyi sabon abu, bakinsa ba ya rufuwa sai ya juye wa mutanen gidansu. Sulafa ma ba ta tsira ba. A dogon hutun bazarar nan abokan karatunta sun watse, ita kuwa ta samu gurbi a horon binciken tsufa a wani asibitin koyarwa na Irbid, garinsu a ƙasar Jordan, ƙarƙashin Dakta Maisun. Aikinsu gwada hancin tsofaffi ne: mutum ya rufe ido, a kai masa 'yar kwalba hanci, ya faɗi abin da ke ciki.

Ranar Juma'a, bayan an ci mansaf, shinkafa da naman rago, kowa ya miƙe ƙafa, ta zazzage kwalabenta a kan tebur.

"Ba wasa ba ne fa," in ji ta, tana hura hanci. "Dakta ta ce sau da yawa jin ƙamshi ne ke fara tafiya kafin mantuwar tsufa ta zo. Shekaru kafin mutum ya fara manta sunan 'ya'yansa."

"To fara da Hazim," in ji mahaifiyarta. "Wannan tun yana goye yake da mantuwa, balle in an aike shi."

Hazim, yayanta, ya canki kirfa da kanumfari, ya kira na'a-na'a man goge baki, aka yi ta dariya. Mama ta canke duka tana yatsina, wai kirfar ta kwana biyu. Sai aka zo kan Baba.

Baba, wanda ake kira Abu Hazim, gahawa yake soyawa a cikin kasuwa, a shagon da ya gada wurin mahaifinsa. Hancinsa ne jarinsa. Daga bakin layi yake sanin maƙwabci ya ƙona tasa, kuma ba ya jin kunyar leƙawa ya gaya masa. Da wannan hancin Sulafa ta yi ta cika wa ƙawayenta baki tun tana firamare.

Ya rufe ido yana murmushi. Ta kai masa kirfa, ya ce citta. Ta ɗauka tsokana ce. Ta kai masa ɓawon lemun tsami, ya shaƙa bai gane ba. Ta yi sauri ta ɗauko wadda ba zai taɓa kuskurewa ba, gahawar shagonsa, suyar hannunsa. Ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"'Yar nema," ya ce. "Kin kawo kwalba babu komai a ciki don ki kama ni."

Babu wanda ya yi dariya. Mama ta miƙe tana tattara faranti. "Mura ke damunsa," ta ce, a tsakiyar zafin watan Yuli.

Sulafa ta ji haushin bakinta kamar ta yanke shi. Da ta yi gwajin ta yi shiru, da abin ya tsaya a mura. Amma ita da kanta ta gaya masa abin da zai ji tsoro, sannan ta miƙa masa shi a kwalba.

Ran Lahadi ta kai wa Dakta Maisun labarin. Dakta ta ce dalilai suna da yawa, ba kowane mataccen hanci ne ke jawo mantuwa ba, amma a kawo shi a duba. "Kuma nan gaba ki rage lacca a kan abinci," ta ƙara.

Da la'asar ta biya shago. Mama na zaune a bakin ƙofa tana tsinkar ganyen mulukiya, wato lalo. Tun bara ta ɗauki wannan zaman, wai gida ya yi mata zafi, kowa kuma ya yarda. Tukunyar suya na juyawa, Baba na tsaye a kanta. Ƙamshi ya fara nauyi, ya kai daidai inda Sulafa ta san shi. Mama ta yi gyaran murya ba tare da ta ɗaga kai ba. Nan take Baba ya juye gahawar a tire.

Sulafa ta tsaya turus. Ashe shekara guda ke nan Mama ce hancinsa.

Da Mama ta shiga baya yin salla, ya ce, "Ta ɗauka ban gane ba. Kar ki gaya mata."

"Baba, ka yafe min."

"Bar wannan. Gahawa ba ta dame ni ba, ina da tsohuwa mai tari." Ya ci gaba da baza 'ya'yan gahawar da ludayi, bai dube ta ba. "Maganar sunan 'ya'ya da kika yi. Saura shekara nawa?"

Ƙarya ta zo mata har leɓe, mai sauƙi, mai daɗi. Ta haɗiye ta.

"Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba. Wataƙila ba za ta zo ba sam. Amma sai an duba ka."

"Duk kuɗin makarantar nan, ban sani ba kika koyo?"

"Ita suka fi koya mana."

Ya ɗan yi dariya. Sai ya ɗebi gahawar a tafinsa, da ɗuminta, ya kai mata hanci kamar yadda ta yi masa.

"Faɗa min. Ba irin faɗar kwalabenku ba."

Ta shaƙa, hawaye ya cika mata ido. "Ƙamshin rigarka ne, lokacin da kake ɗauko ni daga makaranta, ina barci a kafaɗarka."

Ya mayar da gahawar cikin tire.

"Sulafa," ya ce. Ya sake faɗa a hankali, kamar mai jan kwaɗon shago ya tabbata ya kulle. "Sulafa. Wace rana Daktar taku take zama?"