Sufeto a Kan Benci

"Swap places!" in ji Malama Radiya, sai ɗalibai suka miƙe, kowa ya yi musayar wuri da na kusa da shi. Ta saci kallon bencin baya. Sufeton makarantu, Malam Shamshun, wanda ya taso daga Tanout tun da safe, ya gyaɗa kai.

Radiya malamar Ingilishi ce a wata kwaleji kusa da Gangara, kuma 'yar kwantiragi. Abin da mutumin nan zai faɗa shi zai sa a bar ta a aiki ko a sallame ta. Shi ya sa ta daɗe tana horar da ajin kan kalmomin canja wa abu wuri, ta kuma kafa doka cewa ba a Hausa a aji, kuma duk abin da ta ce a yi shi nan take.

Da ta ga abin na tafiya daidai, sai ta ɗaga murya: "Move the benches forward!"

Ta manta sufeto na kan benci.

Yunis da Rabi'u, samarin da noman hatsi ya murɗe wa damtse, suka dubi juna. Doka doka ce. Suka ce bismillah, suka ciccibi bencin da baƙon a kai, suka nufi allo. Malam Shamshun ya ƙanƙame katako, hularsa ta faɗi, ƙafafunsa na reto.

Radiya ta ruɗe. Kalmar da ta zo bakinta ita ce ta gaba a darasin.

"Reverse!"

Samarin suka juya shi, ya fuskanci bango.

"Ku sauke shi, don girman Allah!" ta yi ihu da Hausa.

Nafisa, shugabar aji, ta ɗaga hannu cikin ladabi. "English, please, Madam."

Bayan an tashi, Radiya ta same shi a gindin aduwa yana kakkaɓe hula.

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri..."

"Malama, na zaga makarantu har Belbeji. Yara na maimaita kalmomin nan kamar aku, ba wanda ke motsi. Naki kuwa sun gane, bayana shaida ne. Za ki ci gaba da aikinki." Ya sa hular. "Wane darasi ke biye?"

"Kalmomin jifa da yarwa, ranka ya daɗe."

Ya dubi su Yunis da ke wucewa.

"To, mataimakina zan turo."